Ku Tambaya Mu Amsa: Masu ƙirƙirar yare a ɓoye sun fito fili

Tun da muka taɓo zancen zaurance a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, ashe garin nan akwai mutane da dama da suka zauna suka ƙirƙiri yarensu na kansu, har da haruffa, kowa ya ɓoye littafinsa yana tsoron a yi masa dariya. Na zaɓo huɗu, kuma na bar saƙonnin yadda masu su suka turo.

TAMBAYA: Salam Malam, dafatan kana lafiya ya aiki. Ni gyaran waya nake a Farm Centre, tun ina sakandire nake hada wani yare nawa na kaina, yanzu kalmomin sunkai dari shida a littafi kuma na zana haruffa 64 kowanne da kamarsa. Misali in zance Musa ya sayi goro a kasuwa sai nace Musa lo tembi raka u dosha. Matsalata itace in na rubuta abu da haruffan bayan kwana biyu nima kaina sai na kasa karantawa, ga abokai na cewa wai na fara zarewa. Dan Allah yaren ya hadu ko da gyara, kuma haruffa nawa ya kamata ace yare yana dasu? Daga mai gyaran waya, Tarauni.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka zare ba, ka gaya musu ni na ce. Likitan ido ne sukutum, Zamenhof, ya fitar da yaren da ya ƙirƙira mai suna Esperanto a birnin Warsaw a 1887, yau har akwai waɗanda aka haifa suka tashi da shi a bakinsu. Nan kusa da mu a Fumban ta Kamaru, Sarki Ibrahim Njoya ya ƙirƙiri rubutun Bamum wajajen 1896, bai tsaya nan ba ya ƙara da wani yare na fada da ake kira Shumom. A Gana wani bawan Allah Kumi Attobrah ya haɗa Afrihili a 1970, mu ma a Najeriya akwai Guosa na Alex Igbineweka wanda ya gauraya Hausa da Yarbanci da Ibo. Kaga layin da ka shiga ba na mahaukata ba ne.

Amma tunda ka ce a faɗa maka gaskiya, to ga ta. Ƙirga kalmomin jimlarka ta Hausa, shida. Ƙirga na yaren naka, shida. Inda "ya" take nan "lo" ta zauna, inda "a" take nan "u" ta zauna, ko tari jimlar ba ta yi ba. Wannan Adaidaita Sahu ce ka sake wa fenti, amma inji da kujeru da direba duk na Hausa ne. Bambancinsa da zaurancen yara masu cewa zodo mudu tadafidi shi ne kai ka fi su shan wahala, don su ba sa haddace kalma ɗari shida. Tambayi kanka, me "lo" take yi a wurin? A Hausa "ya" tana ɗauke da kaya uku, tana gaya mana namiji ne, shi kaɗai ne, kuma aikin ya riga ya faru, wannan dabarar Hausa ce, ba dole ba ce a kan kowane harshe. Kai da ba wanda ya ɗaure maka hannu za ka iya cewa lokaci a wutsiyar aikatau zai zauna, -ta abin da ya wuce, -mi abin da zai zo, sannan ka tura aikatau ƙarshen jimla yadda Barebari da Turkawa da mutanen Japan suke yi. Sai jimlar ta koma Musa dosha-u raka tembita, gobe kuma Musa dosha-u raka tembimi. Kalmominka ne duka ban ƙara maka ko ɗaya ba, amma yanzu abin ya fara samun ƙashin kansa.

Sai maganar haruffa 64. Ka fara daga inda ya kamata ka ƙare ne. Harafi ma'aikacin sauti ne, to sautuka nawa ne a yaren naka? Na tabbata ba ka taɓa ƙirgawa ba, zane ne ya yi maka daɗi ka yi ta yi. Ka ɗau littafin kalmomin nan ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka fitar da baƙaƙe gefe wasula gefe, za ka tarar da wuya su haura talatin gaba ɗaya. Esperanto haruffa 28 gare shi, Toki Pona da Sonja Lang ta fitar a 2001 haruffa 14 kacal, baƙi 9 wasali 5, rubutun Koriya da Sarki Sejong ya sa aka tsara a 1443 ya fara da 28 yau 24 ake amfani da su. Ba yawa ake nema ba.

In ka gama ƙirga sai ka zaɓi tsari. Mu ce ka samu baƙi 15 wasali 5. In ka bi hanyar boko, kowane sauti harafinsa, haruffa 20 sun ishe ka. In ka bi hanyar ajami, baƙaƙe 15 ne sai alamomin wasali a sama da ƙasa, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san yadda ake koyonsa, babbaƙu tukunna sannan farfaru, wasali bisa wasali ƙasa rufu'a da ɗauri. In kuwa kowace gaɓa ce za ta samu alamarta, ba be bi bo bu kowacce da zanenta daban yadda mutanen Vai na Laberiya suka yi tun shekarun 1830, to 15 sau 5 kenan, 75, ka ƙara wasula biyar masu zaman kansu 80. Wannan na ukun yana da kyau a ido amma sai yarenka ya kasance gaɓoɓinsa baƙi da wasali ne kawai, da ka kawo kalma irinsu tembi mai m a tsakiya ba wasali sai rigima ta tashi, sai ka nemo mata wata alama daban. Shi ma Njoya da alamomi kusan 500 ya fara, ya yi ta sassaƙewa har zuwa wajen 1910 suka dawo 80. Sarki guda da fadawa da magatakarda ya ga 500 ta yi nauyi.

Dalilin da ya sa kake kasa karanta rubutunka kuwa, ko ban gani ba zan iya cankar biyu. Na farko akwai haruffan da suka yi kama da juna, wannan ya kalli dama wancan ya kalli hagu, irin b da d da ke wahalar da 'yan firamare. Na biyu ka zana su ne a natse harafi ɗaya ɗaya kamar mai zayyana, amma hannu in yana sauri ba ruwansa da ado, kusurwa sai ta lanƙwashe, ɗigo biyu su haɗe su zama layi. Yi wannan gwajin, ka samu biro irin wanda kake rubuta rasit da shi a shago, ka rubuta shafi guda da gudu kamar kwastoma na tsaye a kanka, ka ajiye sati ɗaya. Duk haruffa biyun da ka kasa bambancewa ranar da ka dawo, ɗaya ya tafi. Duk harafin da sai ka ɗaga biro fiye da sau uku kafin ya kammala, a rage masa kaya. Kuma ka ba su sunaye masu kama da siffarsu, malaman allo sun gane wannan tuntuni shi ya sa yaro ba ya manta ba guje da lam jaye da ha kuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni daliba ce a BUK, ina rubuta wani labari ne na wata masarauta da babu ita a duniya, inaso mutanen ciki suyi magana da yarensu. Nahawun ne ya tsaya min, shin dole sai nayi namiji da mace kamar ne da ce? Jam'i fa? Kuma nayi dokoki ba togiya ko daya amma in na karanta sai naji abin kamar na'ura ce ke magana. Daga wata daliba, Rijiyar Zaki.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa mu ga littafin a kasuwa. Ba dole ba ne ko kaɗan. Mu Hausawa mun saba har tebur namiji ne kujera mace, har wanda kake magana da shi sai ka ware ka zo da kin zo, shi ya sa muke ganin kamar haka Allah ya yi kowane harshe. Yarbanci wakilin suna ɗaya ne na shi da ita, Turkanci ma haka, shi ya sa za ki ji wanda ya koyi Hausa da girma yana ce wa mace "ka", ba rashin kai ba ne, yarensa ne bai raba ba. Fulatanci kuma ya bi wata hanyar daban, ba ruwansa da namiji da mace amma ya kasa sunaye gida-gida fiye da ashirin, na mutane daban na ƙananan abubuwa daban na ruwa-ruwa daban. Kuma yana da wani abu da nake sha'awa wanda Hausa ba ta da shi, "mu" iri biyu, enen wato mu har da kai, minen wato mu ban da kai. Ki duba yadda wannan zai yi miki aiki a labarin sarauta, waziri ya tashi gaban 'yan majalisa ya ce "mu za mu ci ƙasar nan" da mu ɗin da ba ta haɗa da masu sauraro ba, ai kin gama gaya wa mai karatu akwai makirci ba tare da kin ce komai ba. Abin da nake so ki riƙe kenan, kowane zaɓi na nahawu ki tambayi kanki me mutanen masarautar suka damu da shi. In masu girmama manya ne sosai ki ba su wakilin suna na girmamawa, mu ma ai "ku" muke ce wa iyaye da surukai. In makiyaya ne wataƙila rabon mai rai da mara rai ya fi musu amfani a kan namiji da mace.

Jam'i kuwa kar ki kwaikwayi Hausa sai in kina son wahala, gida gidaje, doki dawaki, akuya awaki, dutse duwatsu, mota motoci, mace mata, duk baƙon da ya zo koyon Hausa a nan yake yin gumi. Esperanto harafi ɗaya ya ƙara ya huta, domo gida, domoj gidaje, lokaci ma haka, mi iras ina tafiya, mi iris na tafi, mi iros zan tafi. Larabci ya ƙara da musanna na abu biyu. Mutanen Indunusiya sukan maimaita kalmar ne kawai, orang mutum, orang-orang mutane. Ki ɗau ɗaya ki tsaya a kai.

Abin da zan ce ki sata daga Hausa, in sata za a yi, shi ne yadda aikatau ɗaya ke haihuwa. Duba saya, sayo, sayar, saye, sayu. Tushe ɗaya ne amma wasalin ƙarshe ya juya ma'anar, sayo ya nufo nan, sayar ya fita daga hannu, saye ya kwashe duka, sayu abin ya yiwu. Wannan ne wani Bature masanin Hausa, Parsons, ya tsara a 1960 ya kira su giredi bakwai, in kina Sashen Harsunan Najeriya ne kin sha su a aji. Da irin wannan dabara tushe ɗari biyu sai su ba ki kalma dubu, kuma mai karatu mai lura zai fara gane dangantakarsu da kansa, daɗin kenan. Toki Pona ta ɗaya gefen ta bi, kalmominta wajen 120 ne sai a riƙa haɗa su, jan pona mutumin kirki wato aboki, tomo tawa ɗaki mai tafiya wato mota.

Maganar jin kamar na'ura, kunnenki ya gaya miki gaskiya. Zamenhof ya yi nasa ba togiya ne da gangan don yana so duniya ta koya cikin sauƙi, ke kuwa so kike a yarda mutane sun shekara ɗaruruwa suna tauna yaren nan. Togiya ba a watsa ta barkatai, tana zama ne a kalmomin da baki ya fi taɓawa, zo, je, ci, ba, uwa, ɗa, mutum. Dubi yadda muke yi, za ni ya zama zan, ba ni ya koma ban, gaya mini ya koma gaya min. To ki rubuta cikakkiyar siga bisa doka, sannan ki faɗe ta da sauri sau ashirin kamar mai kiran yaro daga tsakar gida, abin da ya rage a bakinki shi ne sigar talakawan masarautar, cikakkiyar kuma ki bar wa fada da masu waƙa. Kin samu karin harshe biyu a kyauta.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma zan faɗa, ki yanke shawara tun yanzu ko yarenki na da karin sauti da dogon wasali, in yana da su to ki rubuta su. Bokon Hausa bai rubuta ba, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke fita iri ɗaya, kuka na hawaye da kuka ta miya haka, "ya zo" na wanda ya iso da "ya zo" na a ce masa ya zo duk ɗaya a takarda. Mu muna tsira ne don mun san yaren tun a goye. Yarenki ba wanda aka goya da shi, ke kanki bayan wata shida ba za ki tuna wanne kika ja wanne kika gajarta ba. Ajami a nan ya fi boko adalci don yana nuna ja da alif da wau da ya.

TAMBAYA: Malam barka da warhaka, na gama zana haruffana tsaf, ya zanyi su shiga waya inyi chatin dasu a WhatsApp? Daga wani matashi, Kurna.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Amsa a gajarce, a wayarka za su iya shiga, a wayar abokinka akwatuna zai gani. Dalili shi ne waya ba zane take turawa ba, lamba take turawa, kowane harafi na duniya yana da lambarsa a wani kundi da ake kira Yunikod, wayar da ta karɓa ita ke duba lambar ta zana abin da ta sani. Naka ba sa cikin kundin. Akwai dai wani fili da aka ware mai gurbi 6,400 don irinku, kowa ya zuba abin da yake so, sai ka zana haruffan a kwamfuta da manhaja irin FontForge wadda kyauta ce, ka haɗa kibod da Keyman, amma duk wanda zai karanta sai ya saka fayil ɗin haruffan naka a na'urarsa, kuma yawancin wayoyi ba sa barin a yi hakan cikin sauƙi. Hanya mafi arha, ka ɗora zanenka a kan haruffan boko, in ka danna b naka ya fito, ka rubuta a kwamfuta ka tura a hoto ko PDF. Don hira ta yau da kullum kuwa ka tsara yadda ake rubuta yaren da boko kawai.

Kar ranka ya ɓaci. Rubutun Adlam na Fulatanci wasu yara biyu 'yan gida ɗaya a Gini, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙira a 1989, bai shiga Yunikod ba sai 2016 bayan mutane masu yawa sun riga suna rubutu da shi. Rubutun N'Ko na Solomana Kante tun 1949, sai 2006 ya shiga. Mu kanmu da ɓ da ɗ da ƙ suka shigo rubutunmu tun shekarun 1930, kuma suna nan a kibod ɗin Hausa na waya, dubi saƙonnin da ke shafin nan ka ga mutum nawa ne suka danna su.

TAMBAYA: Malam ina yini. Na samu wani littafi a jakar yarona dan aji biyar na sakandire cike da wasu zane-zane kamar hatimi, na tsare shi yace wai yare ne yake kirkira. Hankalina bai kwanta ba, kar dai wani abu ne aka koya masa. Kuma in ma gaskiya ne meye amfaninsa, ba gara ya gyara Turancinsa ba ga jarabawa na zuwa? Daga wata uwa, Gwammaja.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya raya mana su. Ni ba malamin fatawa ba ne, amma gane wannan ba wuya. Ki zaunar da shi cikin lalama ki ce ya rubuta miki jadawalin haruffan, kowanne da sautinsa a gefe da boko. Sannan ki faɗi wata jimla taki, ko "a sayo min gishiri da magi a shagon bakin layi", ya rubuta da haruffan nasa ya karanta miki, ki karɓe takardar ki ajiye. Bayan kwana uku ki miƙa wa ƙanwarsa takardar da jadawalin ki ce ta warware. In sautukan suka fito daidai da abin da ya karanta miki ranar farko, to rubutu ne kamar kowane rubutu, kuma za ki ga alamomin suna maimaita kansu a jere layi-layi, ba a cikin gidajen murabba'i ba.

Amfani kuwa, ba zan ce miki zai ci abinci da shi ba, yawancin masu yi ba sa samun ko sisi. Amma yaron da ya zauna yana tunanin ina aikatau zai zauna, yaya zan nuna jam'i, yaya zan yi tambaya, yaya zan kore magana, wallahi ya riga ya shiga cikin nahawu da ƙafarsa, abin da malamin Turanci da na Larabci ke fama a allo yara na hamma shi ya je nema da kansa. Sharaɗi ɗaya za ki kafa masa, littafin yare sai an gama aikin gida, in jarabawa ta matso a rufe shi a durowa. In kuma kina son ki taimaka masa, ki ce ya daina tara kalmomi irinsu sararin samaniya da jarumtaka, ya fassara gaisuwar safe da cinikin kayan miya da faɗan 'yan uwa a kan rimot, nan ne zai gano yarensa ba shi da "mana" ba shi da "dai" ba shi da "fa", kuma ba shi da yadda ake ce wa babba sannu.

Masu tambaya a kan ƙidaya, ko a yi ta goma-goma ko ashirin-ashirin irin ta Yarbawa, na ga saƙonninku, fili ne ya ƙare sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Mai gyaran waya kuma ka turo hoton shafin nan bayan satin ya cika, da jerin haruffan da suka tsira.